Waliyyiyar da sunanta ya koma sunan kayan koli: asalin kalmomin Turanci na ƙyale-ƙyale

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare a Zariya. Muna karanta wani labari da 'yan aji biyar, sai muka ci karo da kalmomi uku a shafi guda. An ce abin wuyan wata mata tawdry ne, an ce falonta gaudy ne, sannan an kira kayan adon da ta jera a kan tebur baubles. Na duba ƙamus, duka ya ba ni kusan ma'ana ɗaya, wato abu mai ƙyalli marar daraja. Wani ɗalibi kuma ya ce ya gani a intanet wai gaudy daga sunan wani mai zanen gine-gine na ƙasar Sifaniya aka samo ta. Don Allah mene ne bambancinsu, daga ina suka fito, kuma yaya zan fassara wa yara su da Hausa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan hidima, ya kuma yi wa ɗalibin nan naki albarka. Yaron da ya je ya bincika ya dawo da amsa, ko da ba daidai ba ce, a riƙe shi da kyau.

Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, taƙaitawa ya yi. Turanci yana da kalmomi sama da ashirin da ke zagaye wannan ma'ana, kuma abin da ya daɗe yana ɗaukar hankalina shi ne da yawansu ba da raini aka haife su ba. Wata sunan waliyyiya ce, wata ƙwayar carbi ce, wata yadi ne mai zaren zinare, wata ma kuɗin zinare ne gangariya. Rainin daga baya ya shigo, galibi lokacin da talaka ya samu kwaikwayon abin da masu hali ke sawa a farashin da zai iya saya. In kika riƙe wannan, bambancin da kike nema zai fito da kansa.

Mu fara da tawdry, wadda ake furtawa todri, don labarinta ya fi na kowace tabbata a rubuce. A gabashin Ingila, arewa kaɗan da birnin Cambridge, akwai wani gari Ely, ana kiransa Ili. A da tsibiri ne a tsakiyar fadama. A shekarar 673 wata gimbiya mai suna Etheldreda, 'yar sarkin wannan yanki, ta bar aurenta da sarkin Northumbria ta zo nan ta kafa gidan ibada na masu zuhudu. Ta rasu a 679. Malamin tarihin nan Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihin cocin Ingila a 731, ya ba da labarin ciwon ajalinta. Ƙari ne ya fito mata a wuya, ƙarƙashin muƙamuƙi. Likita ya tsaga shi don ya fitar da ruwan ciwon, ta ji sauƙi kwana biyu, a rana ta uku ta cika. Bede ya ce ba ta yi ƙorafi ba. Cewa take yi ta cancanci wannan nauyi a wuyanta, domin tana budurwa ta ɗora wa wuyan nauyin sarƙoƙin zinare da lu'ulu'u ba gaira ba dalili, ga shi yanzu ja da zafin ƙari sun maye gurbinsu, tana fatan hakan ya zama kaffarar wancan alfahari.

Bayan rasuwarta Kiristocin Ingila suka ɗauke ta waliyyiya, kabarinta ya zama wurin ziyara. Sunan ya yi wa baki nauyi, sai ya gajarce ya koma Audrey, kamar yadda Khadija ke komawa Dije, Abubakar ya koma Habu. Kowace shekara a watan Oktoba ana cin babbar kasuwa a Ely da sunanta, kuma cikin abin da aka fi saye akwai wani siririn ƙyallen siliki da mata ke ɗaurawa a wuya. Sunansa Saint Audrey's lace. Kalmar lace ɗin nan ita ce muka ara muka ce leshi, amma a wancan zamani igiya ko zare take nufi, irin na ɗaure takalmi. To ki faɗi Sent Odri sau biyar da sauri ki ji. Harafin t na ƙarshen kalmar farko zai tsinke ya manne a ta biyu, ki ji kina cewa sen-todri. Haka aka yi. Sen ta faɗi, aka bar tawdry lace.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, kuma da shi nake so ki buɗe wa yara darasin. Larabci ya ce al-imam, muka ce liman. Ya ce al-ahad, muka ce Lahadi. Ya ce al-arbi'a, muka ce Laraba. Wannan l ɗin ragowar al ce da ta maƙale a jikin kalma, daidai da yadda t ta waliyyi ta maƙale a jikin Audrey. A Landan ma akwai titin da ake kira Tooley Street, asalinsa Saint Olave ne ya bi wannan hanya.

A zamanin Shakespeare abin wuyan yana nan da ɗan mutuncinsa, amma ya riga ya zama tsarabar 'yan matan karkara. A wasansa The Winter's Tale, wajen 1611, akwai wurin da ake bikin sausayar tumaki, sai ga wani ɗan koli mai suna Autolycus da kayansa. Wata budurwa makiyayiya ta tuna wa saurayinta cewa ya yi mata alkawarin tawdry lace da safar hannu mai ƙamshi. Babu raini a bakinta, so take a saya mata. Rainin yana bakin ɗan kolin ne bayan ya keɓe, inda yake murna ya sayar da duk tarkacensa, ya kira su trumpery, ya lissafo dutsen bogi da ribom da madubi da zobe da awarwaro, ya ce mutane na ta turereniya kamar trinkets ɗinsa masu tabarraki ne. Kalmomi uku ke nan na wannan dangi a fage ɗaya. Kafin nan kuwa Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen zuhudu, na Ely ya tafi a 1539, darajar waliyyai ta ragu a Ingila, abin wuyan ya rasa alaƙarsa da ibada ya zama araha kawai. Zuwa wajen 1670 kalmar ta bar wuya gaba ɗaya, ta zama sifar duk wani abu mai ƙyalli daga nesa, ƙazami daga kusa. Yau ta wuce kaya ta shiga hali. In jarida ta ce tawdry affair, wata ƙazamar mu'amala ce ta zubar da mutunci. Ina jin nauyin wannan a raina duk lokacin da na koyar da kalmar: matar da ta yi nadamar ado, sunanta ne ya zama sunan adon banza.

Sai gaudy, ana furta ta godi. Ita ma daga wurin ibada ta fito. Ki fara sanin cewa kalmar bead, wato ƙwayar dutsen ado, asalin ma'anarta addu'a ce. Tsohon Turanci gebed yake cewa, Jamusanci har gobe Gebet yake kiran addu'a. Da yake da carbi ake ƙirga addu'o'in, sai sunan aikin ya koma kan ƙwayar, kamar dai dangantakar tasbihi da tasbaha a wurinmu. A carbin Katolika ƙananan ƙwayoyi goma-goma ne, tsakaninsu akwai babba guda mai ado, irin wadda ke raba talatin da uku-uku a namu. Waɗannan manyan su ake kira gauds, kuma masana suna danganta sunan da kalmar Latin gaudium, wato murna. Mawaƙin Ingila Chaucer, a ƙarshen ƙarni na 14, ya siffanta wata shugabar masu zuhudu da carbin murjani a hannu wanda manyan ƙwayoyinsa korra ne, da wannan kalma ya faɗa. Daga ƙwayar carbi mai ado, gaud ta zama kowane irin abin ado mai ɗaukar ido, sannan sifar gaudy ta fito a ƙarni na 16. Ma'anar murna ba ta mutu duka ba. A kwalejojin Oxford har yanzu walimar da ake haɗa wa tsofaffin ɗalibai gaudy ake kiranta.

Nan ne amsar ɗalibinki take. Mutumin da ya gani shi ne Antoni Gaudí, mai zanen majami'ar Sagrada Família ta Barcelona, wanda gine-ginensa suke cike da launi da lanƙwasa. An haife shi a 1852, ya rasu a 1926. Amma a wasan Hamlet na Shakespeare, wajen 1600, wani bafade mai suna Polonius yana yi wa ɗansa nasiha cewa tufafinsa su zama rich, not gaudy, wato masu tsada ba masu hayaniya ba. Kalmar ta girmi haihuwar Gaudí da shekara ɗari biyu da hamsin ko a wannan shaida kaɗai. Kamar suna ce ta haɗa su. Ki nuna masa shekarun biyu ya auna da kansa, zai fi riƙewa.

Maganar Polonius ta kuma fayyace bambancin. Gaudy ba ta damu da farashi ba, yawan launi da ƙyalli take zargi. Falon attajiri mai kujerun ruwan gwal, labule ja, kafet shuɗi, fitila bakwai a rufi, miliyoyi aka kashe, amma gaudy ne. Matanmu suna da kalmar da ta dace tsaf: su ce atamfar nan ta cika hayaniya. Tawdry kuwa dole a samu araha da koɗewa a cikinta, har da ɗan abin kunya. Akwai ƙawarsu garish, ita ido take yi wa ciwo, kamar fitilar talla mai kashe ido ko fenti ruwan ɗorawa shar a bangon ɗakin kwana.

Bauble, ana cewa bobul, daga tsohon Faransanci baubel take, abin wasan yara. A fadar sarakunan Ingila akwai wawan sarki mai riƙe da 'yar sanda mai kan mutum-mutumi, ita ma sunanta ke nan. Ranar 20 ga Afrilu 1653 Oliver Cromwell, jagoran sojojin Ingila a lokacin, ya shiga majalisa da sojoji ya kore 'yan majalisar, ya nuna sandar majalisa ya kira ta bauble, ya ce a ɗauke ta. Ki tuna yadda sandar take a majalisunmu, wadda in babu ita zama bai halatta ba, za ki ji girman cin fuskar. Wannan shi ne zuciyar kalmar. Abin yana iya zama na zinare tsantsa, mai magana ne yake cewa a wurinsa wasan yara ne. Shi ya sa za ki ji an kira lambar girmamawa ko sarƙar lu'ulu'u bauble. A Birtaniya ta yau kuma, ba tare da wani raini ba, sunan ƙwallayen nan ne masu ƙyalli da ake ratayawa a bishiyar Kirsimeti.

Trinket ta fi su duka sauƙin hali. Tun ƙarni na 16 take a rubuce, kuma ma'anarta ƙaramin abin ado mai ƙaramin kuɗi. Kayan koli ke nan, babu ragi babu ƙari. Muna yara akwai ɗan kolin da ke zuwa unguwarmu ana saura kwana kaɗan Sallah, da faifan katako a ka, ya sauke a ƙofar gida ya yaye ƙyallen da ya rufe. Allurai, kwalli, 'yan madubai masu bayan kwano, ƙarau kala-kala a jere a jikin kara, jigida, 'yan kunne a soke a jikin kwali. Yayata ta tara kuɗin tallan gyaɗarta ta sayi wani zobe mai jan dutse. Ran Sallah hannun nan bai sauka ƙasa ba, ko ruwa za ta miƙa wa baƙo da shi take miƙawa. Kwana uku ruwan gwal ɗin ya fara tashi, yatsa ya yi zobe kore, saboda jan ƙarfen da ke ciki ya haɗu da zufa. Ta wanke yatsa ta mayar da zobenta. Da aka zo haɗa kayanta na aure bayan shekaru, yana nan cikin wani gwangwanin alawa. Wannan zobe trinket ne. Wanda zai kira shi tawdry, to daga sama yake kallon yarinyar, kuma ina so yaranki su riƙa jin wannan bambanci a kunnensu in marubuci ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

Akwai biyu da faɗuwarsu ta fi ta kowa nisa. Tinsel daga tsohon Faransanci estincelle take, tartsatsin wuta, ita kuma daga Latin scintilla. A ƙarni na 15 da na 16 sunan yadi ne mai tsada da aka saƙa da zaren zinare ko azurfa, tufar masu sarauta. Da aka koyi yin zaren da jan ƙarfe, daga baya da roba mai ƙyalli, sai sunan ya bi arahar. Yau tinsel ita ce igiyar ƙyalƙyalin nan da ake ado da ita a wurin biki, kuma ana yi wa Hollywood laƙabi da Tinseltown don a ce ƙyalli ne babu nauyi. Ta biyun ita ce sequin, 'yan faifan nan masu walƙiya da ake ɗinkawa a jikin leshi da gyale. Kuɗin zinare ne fa asalinta. Birnin Venice na Italiya ya fara buga kuɗin zinarensa a 1284, daga baya aka riƙa kiransa zecchino, daga Zecca, gidan buga kuɗin birnin. Zecca kuwa daga Larabci sikka take, ƙarfen da ake buga tambarin kuɗi da shi. Faransawa suka ce sequin. Jamhuriyar Venice ta faɗi a hannun Napoleon a 1797, kuɗin ya bar kasuwa, sunan ya koma kan ƙananan faifan ado masu kama da shi. Duk amaryar da ta sa leshi mai walƙiya, kalmar Larabci ce ke ƙyalli a jikinta ta hanyar Italiya da Faransa.

Wasu kalmomin kuma sunan mutum ne ko na gari, kuma a nan ne nake ganin an fi yin rashin adalci. Christopher Pinchbeck mai ƙera agogo ne a titin Fleet Street na Landan, ya rasu a 1732. Ya haɗa jan ƙarfe da tutiya ya samar da wani ƙarfe mai launin zinare. Bai ɓoye wa kowa ba, da sunansa yake sayarwa. Masu hali ma suna saye, don a lokacin 'yan fashi sun addabi masu tafiya a keken doki, sai mace ta bar zinarenta a gida ta sa kwafinsa ta hau hanya. Waɗansu maƙera ne daga baya suka riƙa sayar da irin wannan ƙarfe a matsayin zinare, har pinchbeck ta zama kalmar duk abin da yake na bogi. Kasuwar ƙarfen kanta ta mutu bayan da kamfanin Elkington ya yi rajistar fasahar yi wa ƙarfe ruwan gwal da lantarki a 1840, sannan dokar 1854 ta halatta sayar da zinare mai karat 9 a Birtaniya. Ƙarfen ya tafi, zagin ya zauna a kan sunan mutumin.

Brummagem kuma yadda mutanen Birmingham ke kiran garinsu ne, shi ya sa har yau ake ce musu Brummies. A ƙarni na 17 garin ya yi ƙaurin suna wajen buga jabun kuɗi, musamman wani tsabar kwabo huɗu da ake kira groat. Daga baya ya zama matattarar maƙeran ƙananan kaya, maɓallan riga, kan ɗamara, sarƙar agogo, zobba, suna fitarwa da yawa a araha. Mutanen Landan suka mayar da sunan garin kalmar jabu. Wannan ya dami Matthew Boulton, babban mai masana'anta na garin, har ya yi ta fafutuka aka buɗe ofishin gwada azurfa a Birmingham a 1773, mai buga tambarin ƙugiyar jirgin ruwa a jikin duk abin da ya ci jarrabawa. Irin wannan tambari shi ake kira hallmark, daga Goldsmiths' Hall, zauren maƙeran zinare na Landan inda ake kai kaya gwaji tun 1478. Tsohuwar hanyar gwajin tana nan a kasuwanninmu. Na sha tsayawa a shagon mai gwal ina kallo: ya goga zobe a jikin baƙin dutse ya bar siririn layi, ya ɗiga ruwan asid a kai, ya jira. In layin ya tsaya, ya ɗauko sikeli. In ya narke ya ɓace, ya miƙo wa mai shi abinta a hankali ba tare da ya ɗaga murya ba. Wannan baƙin dutse shi ne touchstone, gwajin kuma shi ne asalin acid test da ake faɗa a kan kowace jarrabawa mai tsanani.

Birmingham tana da alaƙa da ƙasar nan kai tsaye. A can aka riƙa zuba mundayen tagulla da ake kira manilla, ana kawo su gaɓar Afirka ta Yamma a matsayin kuɗin ciniki, kuma sun daɗe suna yawo a kudu maso gabashin Najeriya har gwamnatin mulkin mallaka ta janye su tsakanin 1948 da 1949, ta tattara sama da miliyan 30. Mu ma kuma mun yi wa wani gari abin da Landan ta yi wa Birmingham. Kalmarmu jabu ana danganta ta da Ijebu, inda matsalar buga kuɗin bogi ta yi ƙamari a zamanin Turawa. Garuruwan biyu duk na maƙera ne da 'yan kasuwa masu himma, laifin 'yan kaɗan ya bi sunan kowa. In za ki kawo wannan misali a aji, ki faɗe shi tare da wannan bayani, don akwai yaran can a makarantunmu.

Sauran zan bi su da sauri. Faransanci ya ba da kaso mai yawa. Trumpery ɗin da ɗan kolin nan ya faɗa daga tromperie take, yaudara. Frippery daga friperie, wurin sayar da tsofaffin tufafi, kuma 'yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru sun san kalmar sarai, don ita ce gwanjo a Faransancin kasuwa. Kickshaw ta fi ban sha'awa: quelque chose ce, wato wani abu, kunnen Bature ya ji ta kikshoz, ya ɗauka jam'i ne, ya cire harafin ƙarshe ya yi tilo. Da farko ɗan abincin ƙwalam na Faransawa take nufi, wanda ba ya cika ciki, daga baya ta haɗa da kayan ado. Rhinestone fassarar dutsen kogin Rhine ce, don a bakin kogin ake tsintar wasu duwatsu masu haske kafin a koma yin su da gilashi. Su ne duwatsun da ake manna wa leshi da abaya.

Akwai kuma masu maimaita sauti: knick-knack da ake furtawa nik-nak, gewgaw, bric-a-brac. Gewgaw tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin wani littafin nasiha ga mata masu zuhudu na farkon ƙarni na 13. Bric-a-brac ta shigo daga Faransanci a ƙarni na 19, daga salon maganar da ke nufin barkatai. Kunnen Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mu ma in muna so mu ƙanƙantar da abu mu nuna yawansa, maimaitawa muke yi: ƙyale-ƙyale, tsarabe-tsarabe, ƙwalam da maƙulashe.

Chintzy ta bi sawun tinsel. Chintz yadi ne mai zanen furanni daga Indiya, sunan ma na Hindi ne, kuma ya yi farin jini a Ingila har masaƙan ulu da siliki suka sa majalisa ta yi dokokin taƙaita shi a 1700 da 1721. Da masaƙun Ingila suka koyi buga kwafinsa ya cika gidajen talakawa, sai sunan ya zube, a Amurka ma har rowa yake nufi. Kitsch daga Jamusanci take, zane ko ado mai neman taɓa zuciya da araha. Tchotchke kuma Yahudawan gabashin Turai ne suka kai ta New York a harshensu na Yiddish.

Guda ɗaya ce ta fita daban, ita ce bling. Mawaƙan gambarar zamani baƙar fata na Amurka ne suka yaɗa ta, musamman wata waƙa daga New Orleans a 1999, kuma kwaikwayon ƙarar da ake ji kamar haske na yi ne in ya bugi lu'ulu'u. Sau da yawa kayan na gaske ne, zinare da daiman. Abin lura shi ne kusan duk sauran kalmomin masu kallo ne suka raɗa su ko suka ɓata su, wannan kuwa masu sawa ne suka raɗa wa abinsu, da alfahari. Ba a daɗe ba masu kallo suka ɗauke ta suka fara amfani da ita wajen gori.

To ga yadda zan fassara shafin naku in ni ne a gaban allo. Abin wuyan da aka ce tawdry ne: sarƙa ce 'yar ƙyalƙyal banza, ruwanta ya fara koɗewa. Falon da aka ce gaudy ne: adonsa ya yi yawa, launuka sai hayaniya suke, kuma kada yara su ce mai araha ne sai in labarin ya faɗa. Baubles ɗin kan tebur: tarkacen ƙyale-ƙyale, in kuma a bakin mai raini aka sa kalmar, sai ki ce kayan wasan yara. Kafin su rubuta fassarar, ki sa su koma shafin su gano wane ne yake kallon matar a wannan wuri, marubucin ne da kansa ko wata baƙuwa da ta shigo falon tana ƙare masa kallo. In baƙuwa ce, Hausar da za ta fi dacewa da bakinta ita ce ta ce adon ya yi ƙauyanci.